Kwat ɗin da Za a Mutu a Ciki

Da safiyar ranar da aka shirya Kawu zai mutu, sai aka nemi kwat ɗin da zai mutu a ciki aka rasa.

Kada gabanku ya faɗi, mutuwar fim ce. Kamfanin ƙarami ne, 'yan ɗakuna ne a saman wani shagon fenti, kuma sana'arsa ke nan: ya shirya kashin gwaji na fim mai dogon zango, ya kai wa gidan talabijin, in sun yaba su ce a ci gaba, in ba su yaba ba a dawo a sha shayi a sake tunani. Shayin da aka sha a kan haka kuwa ya fi a ƙirga. Amma wannan karon kowa ya sa rai, domin labarin ya yi daɗi. Wani tsohon mai gyaran agogo ne da 'yarsa, a ƙarshen kashin farko tsohon, wato Kawu, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, 'yar ta gaji shagon da duk rigimar da ke cikinsa. Fitowar mutuwar kaɗai ta rage a ɗauka, kuma mutanen talabijin sun ce a kawo musu aikin kafin mako ya ƙare.

Shi kwat ɗin, in ka gan shi a hanya ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. Tsoho ne, ruwan ƙasa, da faci a gwiwar hannun dama, da tabon shayi a ƙirji, da aljihu a yage. Sai dai tun daga fitowar farko yake jikin Kawu, jiya ma an ɗauke shi yana shiga shago da shi, yau za a ɗauke shi yana faɗuwa. Mai kallo kuwa yana iya yafe maka labari marar kan gado, amma ya ga faci ya canza wuri tsakanin ƙofa da tebur, ya dinga yi da kai ke nan har ya gaji.

Auta ce mai kula da tufafin 'yan wasa, kuma makullin ɗakin kaya guda ne tak, yana rataye a wuyanta. Ta buɗe kwaɗon da hannunta, ta tarar da shi lafiya lau, taga a rufe, hanga tana lilo babu komai a jikinta. Aka zazzage ɗakin, aka ɗaga tabarmi, aka leƙa har cikin akwatin fitilu, kwat ko sama ko ƙasa.

Nan Direba ya matso kusa da Darakta ya yi mata raɗa, irin raɗar da har mai shagon fenti zai iya ji daga ƙasa. Ya ce shi dai ba ya son shiga maganar mutane, amma ya ji Auta tana waya da wani babban kamfani, wanda shi ma gidan talabijin ɗin nan yake zawarci. Darakta mace ce mai kirki, ita ta kafa kamfanin da guminta, amma in tsoro ya kama ta sai ya fito mata ta baki. A gaban kowa ta dubi Auta ta ce in an tashi aiki yau ba a ga kwat ba, ta ajiye makulli a kan tebur ta kama gabanta.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta dai cije leɓe ta shiga linke wata riga da ta riga ta linke. Wannan linkin shi ya soki yayanta a zuci.

Yayan nata shi ne mai ɗaukar sauti, ana ce masa Kunne, kuma ya ci sunan. Mutum ne da kan juya wa ƙofa baya ya gaya maka wanda ke hawowa bene, har ya ƙara da cewa yau ƙafarsa ta hagu tana masa ciwo. Yana da wani ɗan ƙuntataccen ɗaki cike da tsofaffin takalma da akwatin tsakuwa, inda yake haɗa wa 'yan fim ƙarar tafiyarsu. Wasu da ido suke bin sawu, shi da kunne yake bi. Babban maƙiyinsa a duniya shi ne barandar kamfanin, mai tayil, wadda ko ƙadangare ya bi ta sai makirfo ya kama. Shi ya goya Auta tana ƙarama, shi ya kawo ta wannan aiki, saboda haka ya rataye abin sauraronsa a wuya ya ce a ba shi zuwa yamma.

*

Ya fara da Auta, a tsakanin rigunan da ke rataye. Bai tambaye ta ko ita ta ɗauka ba, da ya yi haka da ta daina yi masa magana har abada. Wayar ya tambaya. Ta ce gaskiya ne sun kira ta, har sau biyu, ta ce musu tana da wurin aiki. Ba ta faɗa wa kowa ba ne don kada a ce tana ɗaga kai.

Sai ya ce ta ba shi labarin jiya da yamma, kada ta tsallake komai. Ta ce da aka gama fitowar ƙarshe Kawu ya cire kwat ya miƙa mata, ta kawo nan ta rataye, ba ta ko tsaya jan ƙofa sosai ba ta koma da gudu.

"Gudun me?" ya tambaya.

"Gudunka mana, Yaya. Kai ne kake ta ɗaga murya a zo a yi maka shiru."

Da aka gama shirun, in ji ta, sai aka tashi aiki, ta zo ta ja ƙofa ta danna kwaɗo ba tare da ta leƙa ciki ba. Me za ta leƙa, ita da ta rataye shi da hannunta? Kunne ya gyaɗa kai ya fita, maganar ta maƙale masa a wani lungu na ƙwaƙwalwa, bai dai waiwaye ta ba tukuna.

*

Direba ya fi kowa kama da mai laifi, domin an gan shi jiya yana sauka bene da baƙar leda a hammata, yana waige-waige. Kunne ya same shi a gindin mota ya kafa masa ido. Mutumin ya yi ta kame-kame, ya rantse da abin da ba a tambaye shi ba, ya ce shi ko kwat ba ya sawa saboda yana sa masa ƙuraje. Da dai ya ga babu mafita, sai ya buɗe bayan mota ya nuna ledar. Ragowar biredin karin kumallon ma'aikata ne yake kwashe wa kajinsa kullum, kuma ya roƙi Kunne don girman Allah kada maganar ta hau bene. Kunne ya ce ba za ta hau ba, amma shi ma ya koyi barin magana a ƙasa.

Daga nan sai Jaruma, mai fitowa a matsayin 'yar tsohon. Kowa ya san ba ta shiri da kwat ɗin, in ta rungumi Kawu sai ta yi ta atishawa, har ta taɓa cewa ranar da aka gama fim da hannunta za ta cinna masa wuta. Kunne ya tarar da ita gaban madubi ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce masa ya dube ta da kyau: tun da ta fara wasa ba a taɓa ba ta fitowar da za ta yi kuka na gaske ba sai wannan, ta yi mako tana tara hawayen, ko barkwanci ba ta yarda a yi mata. In an ɗage, ina za ta kai su? Kunne ya saurari muryar, ya ji babu ƙarya a cikinta, sai haushi tsagwaronsa.

Ya fito baranda ya tarar da Kawu a kan bencinsa. Kawu dattijo ne da ya yi wasan kwaikwayo tun kafin a haifi rabin mutanen gidan, sannan aka manta da shi, sai da Darakta ta tono shi. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma kowa yana nesa, shi ne farkon zuwa kamfanin, har ranar da ba a ɗaukarsa. Yana da kofinsa na kansa a kan kanta kusa da butar shayi, kuma kaf gidan babu wanda bai taɓa yi wa faɗa a kan cin abinci a tsaye ba. Yau ya zurma wata burmemiyar riga mai kauri har wuya, ga zafi ana yi, gumi yana bin gefen fuskarsa. Ya ce zazzaɓi ne ke neman kama shi.

Kunne ya haɗa masa shayi ya zauna gefensa. Tsohon ya riƙe kofin bai sha ba, ƙirjinsa yana wannan 'yar ƙarar tasa ta kullum, fii, fii, kamar buta ta kusa tafasa.

"To ɗana," ya ce, "in ba a samu ba fa? Sai a ɗage ke nan?"

"In ba a samu ba, Kawu, Auta ce za ta tafi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya dubi cikin kofin ya daɗe yana dubawa.

*

Sai da Kunne ya koma ɗakinsa ya zauna tsakanin takalmansa sannan maganar Auta ta faɗo masa. Shirun! Ya bugi goshinsa ya ce wa kansa sakarai.

Ga yadda abin yake. Duk inda aka gama ɗaukar fitowa, mai sauti yakan sa kowa ya tsaya cik a inda yake, a ɗauki shirun ɗakin na kamar minti guda. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu in an zo haɗa fim. Ke nan a daidai lokacin da ƙofar ɗakin kaya take a buɗe babu mai tsaro, makirfonsa yana kunne, gidan kuma ya yi tsit. Ɓarawon ya zaɓi lokacin da babu mai ganinsa, bai san shi ne lokacin da aka fi jinsa ba.

Ya nemo shirun jiya, ya ƙure murya, ya rufe ido. Ga gurnanin firij. Ga cikin wani yana kuka, ya san mai shi amma ya rufa masa asiri. Can ƙasa ga Direba yana wanke mota yana fito, bai tsagaita ba daga farko har ƙarshe. Sai ga ta: ƙofar ɗakin kaya, ƙiii. Jim kaɗan hanga ta bugi ƙarfe, ƙyal. Ƙofa ta sake ƙiii.

Ya mayar baya don ya kama tafiyar, domin in ya ji taku uku ya gama sanin mai shi. Ya saurara, ya sake, ya kuma sakewa. Babu tafiya. A barandar da ke tona asirin ƙadangare, mutum ya je ya dawo babu taku ko ɗaya. Ba kuma ƙafa ba takalmi ba ce, domin tafin ƙafa a kan tayil yana da tasa ƙarar, ya manne ya ɓanɓare, Kunne ya san ta kamar muryar mahaifiyarsa.

Sai ya gane. Takalmi ɗaya ne a gidan nan da ba ya magana, kuma shi da hannunsa ya rufe masa baki. Takalmin fim ɗin Kawu yana da ƙwas-ƙwas mai shiga makirfo, shi ya sa tun ranar farko ya yanka soso ya manna masa a ƙasa. Mutum ɗaya ne kuma ba ya tsayawa a ɗaki in ana ɗaukar shiru, domin shi Kunne ne yake cewa kullum, cikin ladabi, Kawu a ɗan ba mu wuri, saboda ƙarar ƙirjin nan. An saba da fitarsa har ba a lissafa ta a fita.

Ya cire abin sauraron ya ajiye. Yana ƙaunar tsohon nan, ba ƙarya ba. Amma a gaban mutane aka ɓata Auta, dole a gaban mutane a wanke ta. Ya fita baranda, ya durƙusa gaban benci kamar yadda yake yi kowace safiya, ya ɗaga ƙafar Kawu ya duba ƙasan takalmin.

"Soson nan ya yi aiki fiye da wanda na sa shi, Kawu," ya ce a hankali. "Zan tara mutane yanzu. Ka zo ka zauna kusa da ni."

*

A shagon agogon aka taru, wato ɗakin da aka shirya don fim, agogunan bango duk a tsaye domin Kunne ya cire musu batir tun tuni. Darakta ta harɗe hannu, Jaruma ta zauna kan tebur, Direba ya laɓe bayan ƙofa, Auta kuwa ta tsaya can nesa da kowa, makullin yana hannunta, ta riga ta cire shi daga wuya.

Kunne ya sa musu shirun jiya a lasifika. Da aka ji fiton Direba sai mutumin ya fito daga bayan ƙofa yana washe baki, yana nuna kansa da yatsa. Aka ji ƙofa, aka ji hanga, aka sake jin ƙofa. Kunne ya tambaya ina Auta take a wannan lokacin. Darakta ta yi ƙasa da kai ta ce tana tsaye a gefenta, har kafaɗarsu tana gogar juna. Ya sake tambaya ko akwai wanda ya ji tafiya. Aka dubi juna, babu.

Ya buɗe baki zai ci gaba. Ashe ma ba sai ya faɗa ba. Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama wuyan burmemiyar rigar ya ja ta sama da ƙyar. Ga kwat nan a jikinsa, da facinsa da tabonsa, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ashe da shi ya tafi gida jiya a naɗe cikin rigarsa, ya rasa inda zai ɓoye shi hankalinsa ya kwanta, sai ya sa abinsa ya dawo.

"Na karanta labarin har gaba," ya ce. "Kashi na biyu babu ni. In talabijin sun karɓa, ku za ku ci gaba da zuwa kullum, ana faɗa ana dariya. Ni in na tashi da safe in sa takalmi in je ina? Na ce bari in ƙara kwana ɗaya ko biyu a raye, shi ke nan."

Ya juya wajen Auta, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce tun safe yake so ya yi magana, kunya ta danne masa harshe, yana ji ana ci mata mutunci ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi ɗaukar kwat ɗin muni. Ya ce ta yafe masa in za ta iya.

Auta ta tako har gabansa. Hawayen da ta hana fita tun safe sai yanzu suka sami hanya.

"Kawu, kana zaune aka ce mini in ajiye makulli. Ni da nake ɗinke maka maɓalli ba ka tambaya ba."

Ya ce haka ne. Ta tsaya tana kallonsa, tsoho tsamo-tsamo cikin jiƙaƙƙen kwat, sai ta zagaya bayansa, ta taɓa kafaɗar, ta ja tsaki.

"Dubi yadda ka canza masa launi. Cire. Ba za ka mutu mini a jiƙe ba."

Dariya ta kuɓuce wa Jaruma, ta yi maza ta toshe baki don kada ta yi asarar hawayenta. Darakta ta zo ta karɓi makullin daga hannun Auta, ta rataya mata shi a wuya da kanta, ta ce a gaban kowa ta yi mata ba daidai ba, a gaban kowa take ba ta haƙuri. Auta ta ce ta ji, amma a kawo mata fanka biyu da dutsen guga.

*

Da la'asar Kawu ya mutu, kuma ya mutu da kyau. Ɗauka ɗaya aka yi. Ya dafa tebur, ya dubi agogunan kamar yana sallama da su, ya sulale ƙasa. Jaruma ta faɗa kansa ta yi kukan da ta tara har da ƙari, ko atishawa ɗaya ba ta yi ba. Direba ma an gan shi yana goge ido da tsumman mota.

Kunne ya ce a yi shiru. Kawu ya fara yunƙurin tashi ya ba da wuri kamar kullum, sai Auta ta sunkuya ta danne masa kafaɗa, ta ce ya kwanta, zai ɓata mata zaman facin. Ta ɗago ta dubi yayanta. Kunne ya gyara abin sauraronsa, ya yi kamar bai ga komai ba, ya danna ɗauka.

Washegari da hantsi ya kira Darakta ɗakinsa, ya ce akwai 'yar matsala. Ya sa mata hoton ƙarshe na fim ɗin: tsoho kwance, agoguna a tsaye, haske yana dusashewa. Ya ɗora mata abin sauraro a kai. A ƙarƙashin shirun, can ƙasa-ƙasa, ga ta nan: fii, fii.

"Mamacin naki yana numfashi," ya ce. "Aikin ɗan lokaci ne in goge. In goge?"

Darakta ta sa ya mayar baya, ta sake ji. Ta ƙofar da ke buɗe suna hango ƙarshen baranda, inda Kawu ya zo da sassafe kamar yadda ya saba, takalmin fim ɗin har yanzu a ƙafarsa, ya wanke kofinsa, yana naɗe shi cikin hankici zai sa a jaka. Ta cire abin sauraron ta ce ita dai a saninta, mai kallon da ya ji wannan numfashin ba zai iya barci ba sai ya ga kashi na biyu, mutanen talabijin ma haka.

"Bar shi," ta ce. "Ka ɗan ƙara masa murya ma. Ka kuma gaya wa Auta ta adana kwat ɗin nan da kyau."

Ta juya ga aikinta. Kunne ya sake leƙa ƙarshen barandar, babu kowa a wurin. Ya kasa kunne, bai ji taku ko ɗaya ba, sai wata 'yar ƙara, fii, fii, tana barin bakin ƙofarsa a hankali. Can kuma ya ji an ajiye kofi a kan kanta.